Gina filin wasa daban, riƙe shi daban

Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu yi magana kan wata kujera da hukumomin birane da dama ke yi wa riƙon sakainar kashi, wato kujerar jami'in da ke tsara shirye-shiryen wasanni da shaƙatawa, wanda aka fi sani da kodineta. Akan kashe maƙudan kuɗi a gina fili, a kafa raga, a shafa fenti, a yi bikin buɗewa. Shekara na zagayowa sai ka tarar raga ta yage, banɗaki a kulle an rasa wa ke riƙe da makulli, wata ƙungiyar manya ta mamaye filin tun yamma har duhu, yara ƙanana kuwa sun koma buga ƙwallo a bakin titi. Nan da nan sai a ɗora laifi kan ɗan kwangila, ko a ce jama'a ba su san darajar kayan gwamnati ba. Galibi abin da ya faru shi ne ba a ɗora wa mutum ɗaya alhakin wurin ba, ko an ɗora masa amma an hana shi iko da kasafin da zai sauke nauyin.

Mutane kan ɗauka kodineta koci ne, ko mai farauto 'yan wasan da za su ciwo wa birni kofi. Koci yana da ƙungiyarsa, mai gyaran fili yana da ciyawarsa, maigadi yana da ƙofarsa. Kodineta, namiji ne ko mace, shi ke haɗa su duka: ya yanke wa zai shiga fili da ƙarfe nawa, wa zai kula da su, da wane kaya, da kuɗin wa, da kuma abin da za a yi idan wani ya faɗi. Jama'arsa duk mazauna birnin ne, har da tsohuwar da likita ya ce ta riƙa tattaki da yaron da ke kan keken guragu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki na kimanin minti 60 a kullum, babba kuma minti 150 zuwa 300 a mako, wanda ya haura 65 ya ƙara da atisayen daidaita tsayuwa kwana uku a mako saboda gudun faɗuwa. Binciken da hukumar ta fitar a 2019 ya nuna kashi 81 cikin ɗari na 'yan shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa samun abin da ya ishe su, kuma abin ya fi tsanani ga 'yan mata, kashi 85, a kan 78 na maza. Sashe na 31 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ya sanya hutu da wasa cikin haƙƙoƙin yaro. Wanda zai mayar da waɗannan takardu su zama ƙofa a buɗe da ƙarfe huɗu na yamma, shi ne wannan jami'i.

Aikinsa na farko ƙirga ne. Kafin ya rubuta shiri ko ɗaya, ya ɗauki mako biyu yana zuwa kowane fili da zauren wasa da lambun shaƙatawa da ke hannunsa, da safe, da rana, da yamma, ranar aiki da ranar hutu, ya rubuta mutum nawa ya gani, maza nawa, mata nawa, 'yan shekara nawa, me suke yi. Wannan takarda za ta nuna masa waɗanda ke zuwa. Waɗanda ba sa zuwa kuwa sai ya bi su inda suke, a makarantu da asibitocin unguwa da ƙungiyoyin masu buƙata ta musamman, ya tambaye su abin da ke hana su. Amsoshin kan zama ƙanana har su ba mutum mamaki: babu banɗakin mata, babu fitila a hanyar komawa gida, lokacin ya ci karo da na makaranta, ko matakala uku ce a bakin ƙofa alhali da an yi gangare mai tashin mita ɗaya a kowane mita 12 da keken guragu ya hau. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne kiran taro a ofis. Masu zuwa taron su ne masu ƙungiyoyi da baki, su ne kuma dama ke cin moriyar filin, sai a tashi da shirin da ya ƙara musu kawai.

Daga nan sai jadawali, kuma a nan ne ake gane gwanin jami'i. Fili yana da sa'o'i da yawa a rana, amma waɗanda kowa ke so ba su fi uku ko huɗu ba, wato bayan an tashi daga makaranta da wurin aiki. Idan ba a raba su a rubuce ba, mai ƙarfi ne zai raba su. Jadawalin da zai yi aiki yana ɗauke da sunan ƙungiya, da sunan mutum ɗaya da ya sa hannu a madadinta, da lokacin shiga da na fita, da minti 15 tsakanin masu fita da masu shiga. Rashin wannan minti 15 ɗin shi ke haifar da yawancin rigingimun bakin fili, domin wasan farko ba ya ƙarewa daidai ƙarfe, masu jira kuma sun riga sun ɗaura takalma. A liƙa jadawalin a ƙofa inda kowa zai gani, a kuma rubuta ƙa'ida a ƙasansa: ƙungiyar da ta bar lokacinta ya wuce sau biyu a jere ba tare da sanarwa ba, za a ba na gaba a layin jira. Sannan a bar wasu sa'o'i ba na kowa ba, domin yaron da ba shi da ƙungiya ya samu wurin shiga. Lokacin 'yan mata da na ƙananan yara kada a jefa shi tsakar rana da babu mai so, sannan a dawo a ce an ba su sun ƙi zuwa.

Akwai lissafin da duk mai wannan kujera ya kamata ya iya da ka. A gasar da kowace ƙungiya za ta kara da kowace, ana ninka yawan ƙungiyoyi da adadin da ya gaza shi da ɗaya, a raba biyu. Ƙungiya 8 wasa 28 ke nan. Idan kowane wasa zai ci sa'a biyu, da hutun rabin lokaci da sauyin masu shiga, fili kuma yana iya ɗaukar wasa huɗu a ƙarshen mako, gasar za ta ƙare a mako 7. Amma da zarar an ji kunyar wasu aka ƙara ƙungiya huɗu suka zama 12, wasannin sun koma 66, makonni kuma 17. Haka gasa ke mutuwa a tsakiya: kuɗin alƙalan wasa ya ƙare, ruwan sama ya sauka, jarrabawa ta zo. Mafita ita ce a raba 12 ɗin rukuni biyu na shida-shida, wasa 15 a kowane rukuni, a ɗora wasan kusa da na ƙarshe biyu da na ƙarshe ɗaya, jimla 33, a gama cikin mako 9. Gasar sili-ɗaya-ƙwale ta fi sauri, ƙungiya 16 wasa 15 kacal, sai dai rabin yaran wasa ɗaya za su buga su koma gida, don haka ba ta dace da shirin da manufarsa yara su riƙa motsa jiki ba. Shi kansa jeren wasannin ba ya buƙatar kwamfuta. A rubuta 1, 2, 3, 4 a layin sama, 8, 7, 6, 5 a ƙarƙashinsu, kowace lamba ta kara da wadda ke ƙasanta. Mako na gaba a bar 1 a inda take, sauran su matsa gurbi ɗaya kamar hannun agogo. Idan adadin ƙungiyoyi bai rabu biyu ba, a ƙara gurbi ɗaya na hutu.

Shi ma filin ana iya ninka amfaninsa. Babban filin ƙwallon ƙafa mai mita 105 da 68 mutum 22 yake ɗauka. Idan aka yanka shi huɗu aka yi 'yan biyar-biyar, yara 40 ne ke wasa a lokaci guda, kowannensu kuma yana taɓa ƙwallo fiye da yadda zai taɓa a babban fili inda ɗan shekara bakwai zai yini yana gudu bai ga ƙwallo ba. Ƙananan yara ƙwallo mai lamba 3 ake ba su, 'yan tsakiya lamba 4, lamba 5 mai nauyin giram 410 zuwa 450 sai waɗanda suka tasa. Daɓe ɗaya mai mita 40 da 20, wato girman filin ƙwallon hannu, zai ɗauki ƙwallon kwando mai mita 28 da 15 da ƙwallon raga mai 18 da 9 idan aka zana kowane da launinsa. Abin da akan manta shi ne sararin gefe: mita 2 a kewayen filin kwando, mita 3 a na ƙwallon raga, ba benci ba katanga. Wajen fitar da kusurwa kuwa igiya ta isa: mita 3 a gefe ɗaya, 4 a ɗaya gefen, idan tsakanin bakunan biyu ya ba da 5 kusurwa ta daidaita. Kada a zana layi da farar hodar nan ta magina, tana ƙone fata idan ta haɗu da gumi. Ciyawa kuma tana buƙatar hutu, musamman gaban raga. A riƙa kai atisayen masu tsaron gida wani gefen, a rufe fili idan ya jiƙe sharkaf, domin wasa ɗaya a kan taɓo yana iya lalata abin da aka yi watanni ana reno.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shirin da za a fara idan an yi hutun makaranta, wata uku kafin nan ake kama fili, a tabbatar da kuɗi. Saura wata biyu a ɗauki ma'aikata a yi odar kaya, saura mako shida a buɗe rajista, saura mako guda a horas da ma'aikata a wurin da za su yi aikin. Fom ɗin rajista kada ya wuce shafi ɗaya, amma dole ya ƙunshi ranar haihuwa, lambar waya biyu ta mutum biyu daban-daban, ciwon da yaro ke da shi kamar asma ko farfaɗiya ko sikila da maganin da yake sha, sunan wanda aka yarda ya ɗauke shi, da sa hannun iyaye. Kwafin fom ɗin ya kasance a bakin fili a hannun mai kula da rukunin. Wanda aka kulle a durowar ofis ba ya amfanar kowa ranar da yaro ya shiɗe.

Yanzu ga batun da ya fi kowane nauyi a zuciyarmu, wato waɗanda ake damƙa wa yara. Yawancin shirye-shirye a kan 'yan sa-kai da ma'aikatan wucin gadi suke tafiya, kuma saboda ana neman hannu ido rufe, duk wanda ya zo sai a miƙa masa usur. Wannan ganganci ne. Kowa ya cika takarda, ya kawo mutum biyu da za su tsaya masa, kodineta kuma ya kira su da kansa ya tambaye su kai tsaye ko za su bar wa wannan mutum 'ya'yansu. Inda doka ta tanadi binciken ko mutum ya taɓa aikata laifi, a yi shi kafin ya fara aiki. Ƙungiyar kare yara ta NSPCC a Birtaniya ta ba da shawarar babba ɗaya ga yara 6 idan 'yan shekara 4 zuwa 8 ne, ɗaya ga 8 idan 'yan 9 zuwa 12 ne, ɗaya ga 10 idan 'yan 13 zuwa 18 ne, kuma komai ƙanƙantar rukuni manya biyu ne mafi ƙaranci. Dalilin biyun a bayyane yake. Idan yaro ya ji rauni ɗaya zai tafi da shi, ɗaya ya tsaya da sauran. Sannan ba a barin babba ɗaya ya keɓe da yaro ɗaya, ko a ɗakin sauya kaya, ko a mota, ko a saƙon waya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Larry Nassar, a lokacin da yake likitan tawagar wasan alkafura ta Amurka, mai suna da daraja, ya shafe shekaru yana cin zarafin 'yan mata da sunan magani, kuma wasu sun kai ƙara tun da wuri ba a saurare su ba. Sai a Janairun 2018 wata kotu a jihar Mishigan ta yanke masa ɗaurin shekara 40 zuwa 175, bayan mata fiye da 150 sun yi bayani a gabanta. Shi ya sa dole kowane shiri ya kasance da hanyar kai ƙara a rubuce, da sunan wanda za a kai wa, da suna na biyu idan na farkon ne ake ƙara. Kodineta ba ɗan sanda ba ne, kada ya zauna yana yi wa yaro tambayoyi ko ya nemi sasantawa. Ya rubuta abin da yaron ya faɗa da kalmominsa, ya janye wanda ake zargi daga cikin yara, ya miƙa wa hukumar da ke da hurumi a ranar.

Duba kaya aiki ne na kullum da safe, kuma da hannu ake yinsa. A kama sandar raga a girgiza. Ragar manya faɗinta mita 7.32, tsayinta 2.44, nauyinta kuma duk a gaba yake, don haka idan irin wadda ake ɗauka ce ba a kafe ta ba, yaro ɗaya ya yi lilo a sandar sama ta isa ta kife a kansa. Dokokin ƙwallon ƙafa kansu sun wajabta a kafe kowace raga a ƙasa. Wadda ba a amfani da ita a kwantar da ita, ko a haɗa biyu fuska da fuska a ɗaure da sarƙa. A wurin wasan yara a ɗaga kujerar lilo a dubi ƙugiyar da ke riƙe sarƙa: idan bakinta ya buɗe, ko ƙarfen ya sirance inda yake goguwa, a cire lilon a ranar. A shafa hannu a kan wurin zamiya a ji ko walda ta tsage ko noti ya fito, a ji zafin ƙarfen idan rana ta ɗaga. Duk wata kafa da faɗinta ya faɗa tsakanin santimita 9 da 23 tarko ce, domin jikin ƙaramin yaro zai wuce kansa ya maƙale. Mafi yawan raunin wurin wasan yara daga faɗowa ne, saboda haka siminti ko ƙasa mai tauri ba ta da wuri a ƙarƙashin abin hawa. A zuba abu mai laushi kamar ɓawon itace ko yashi, zurfin santimita 30, har mita 1.8 a kewaye, a kuma riƙa mayar da shi da manjagara, domin ƙarƙashin lilo da bakin zamiya ƙafafu kan tone shi cikin 'yan kwanaki. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Duk abin da aka gani a rubuta shi a littafi da kwanan wata da sa hannu, abin da ba za a iya gyarawa nan take ba kuma a rufe shi, kada a tsaya ga liƙa takardar gargaɗi da ɗan shekara huɗu ba zai iya karantawa ba.

Sai yanayi. Ƙara tana yin kusan kilomita ɗaya a daƙiƙa uku, don haka idan tsakanin walƙiya da tsawa bai kai daƙiƙa 30 ba, hadarin yana cikin kilomita goma. A tsayar da wasa, kowa ya shiga gini ko mota, ban da ƙarƙashin bishiya ko rumfar da babu bango, kuma ba a dawowa sai an yi minti 30 da jin tsawa ta ƙarshe. Wannan hukunci kada a bar wa koci, domin wanda ke kan gaba da ci ɗaya ba ya jin tsawa. A lokacin zafi a matsar da atisaye zuwa safiya ko yamma lis, a fara da sauƙi na mako ɗaya zuwa biyu har jiki ya saba, ruwan sha kuma ya kasance a gefe ba sai an roƙa ba. Hana ruwa da sunan horo zalunci ne. Idan ɗan wasa ya fara tangaɗi, ko magana ta rikice masa, ko ya faɗi jikinsa kamar wuta, zafi ne ya buge shi, zafin cikinsa kan haura digiri 40. A fara sanyaya shi nan take, a tsoma shi cikin ruwan sanyi ko a yi ta kwara masa ana fifita, ana kiran motar asibiti a lokaci guda.

Wanda ya yanke jiki ya faɗi ba tare da an taɓa shi ba, ba ya amsawa, numfashinsa kuma ba daidai ba, a ɗauka zuciya ce ta tsaya. A danna tsakiyar ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6 ga babba, wani ya ruga ya ɗauko na'urar farfaɗo da bugun zuciya. Duniya ta ga haka ranar 12 ga Yunin 2021 a Kofanhegan, da Christian Eriksen na Denmak ya faɗi ana tsakiyar wasa da Finlan. Danna ƙirji da wannan na'ura cikin mintunan farko ne suka dawo da shi, har ya koma buga ƙwallo. Na'urar da ke kulle a ofis, ko wadda batirinta ya mutu, daidai take da babu. Wanda kuma ya bugu a kai ya ji jiri ko ya rikice, ya gama wasan ranar ko da ya rantse ya warke, sai likita ya duba shi. Duk wannan a taƙaita shi a shafi ɗaya a liƙa: wa zai kira, wace lamba, wace ƙofa motar asibiti za ta shigo, makullinta yana hannun wa, wa zai tsaya da sauran yara. A gwada shi a aikace kafin a fara kowane zango.

Idan akwai wurin ninkaya a hannun jami'in, nauyinsa ya ninku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021. Mai nutsewa ba ya ihu, shiru yake yi, don haka mai ceto ba shi da wani aiki sai kallon ruwa: ba waya, ba sayar da tikiti, ana kuma sauya shi duk bayan minti 20 zuwa 30 saboda ido na gajiya. Babu mai ceto, babu buɗewa. A auna ruwa kafin a buɗe da kuma duk bayan 'yan sa'o'i: ma'aunin pH, mai nuna tsami ko rashin tsamin ruwa, tsakanin 7.2 da 7.8, sinadarin kilorin miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita. Idan pH ya haura, kilorin ba ya kashe ƙwayoyin cuta yadda ya kamata ko da an zuba da yawa. Idan mutum ya tsaya a baki bai hango magudanar da ke ƙasan wuri mafi zurfi ba, a rufe, domin yaron da ya nutse ma ba za a hango shi ba. A sito kuwa kilorin da asid ba sa zama kusa da juna, haɗuwarsu iska mai guba take fitarwa.

Batun kuɗi ba zai ɗauke mu lokaci ba. Idan aji na ɗaukar mutum 20, a yi lissafin abin da za a biya kamar 12 ne za su zo, a kuma ware gurbi biyu ko uku kyauta ga marasa hali ba tare da an tona musu asiri ba. Kuɗin gyara a ba shi layinsa daban a kasafi, in ba haka ba kofuna da riguna da bikin rufewa za su cinye shi. Kowane kuɗi da rasit mai lamba, mai karɓa daban mai kai wa banki daban. Kaya a sa musu lamba, mai ɗauka ya sa hannu, a ƙirga a ƙarshen zango. Alƙalan wasa da masu ceto a biya su a kan kari, domin wanda aka riƙe wa haƙƙinsa sau ɗaya ba ya dawowa, kuma samun ƙwararre ya fi samun ƙwallo wuya.

Ta yaya hukuma za ta san jami'inta yana aiki? Yawan waɗanda suka yi rajista ba ya nuna komai, hoton ranar buɗewa ma haka. A dubi littafin halarta: cikin waɗanda suka zo makon farko, nawa ne ke nan a mako na shida? Mata nawa, tsofaffi nawa, daga waɗanne unguwanni, wace unguwa ce ba ta da ko mutum ɗaya? Raunuka nawa aka rubuta, a wane wuri suke maimaituwa? Littafin rauni da ya shekara babu rubutu a ciki alama ce ta ba a rubutawa. Waɗanda suka daina zuwa a kira goma daga cikinsu a ji dalili. Shirye-shiryen da suka yi suna a duniya ɗorewa ce ta ɗaukaka su. Birnin Bogota na Kolombiya tun 1974 ya fara rufe wa motoci tituna domin masu keke da masu tafiya a ƙasa, yau kuma kowace Lahadi da ranar hutu ana rufe fiye da kilomita 100 daga ƙarfe 7 na safe zuwa 2 na rana. Gudun jama'a na kilomita 5 da ake kira parkrun ya fara ne da mutum 13 a wani lambu a Landan a 2004, kyauta, kowace Asabar da safe, har ya bazu ƙasashe da dama. A Aislan, inda aka haɗa wasanni masu tsari bayan makaranta da sa idon iyaye da tsaurara doka, 'yan shekara 15 da 16 da suka ce sun bugu da giya cikin wata guda kafin a tambaye su sun ragu daga kashi 42 a 1998 zuwa kashi 5 a 2016. Ba wasa kaɗai ya kawo wannan ba, amma yana cikin ginshiƙan, kuma aiki ne da aka yi kusan shekara ashirin ana yi mako bayan mako.

Roƙonmu ga shugabannin birane da kansiloli shi ne su rubuta wa wannan kujera aikinta dalla-dalla, su ɗauki wanda ya san aikin ta hanyar jarrabawa da ganawa. A wurin ganawar a ba shi takarda ya fitar da jadawalin ƙungiya 10 a fili ɗaya, a kai shi wurin wasan yara ya nuna abin da ke da haɗari, a nemi shaidar horon taimakon gaggawa da ba ta tsufa ba. Bayan an ɗauke shi a ba shi ikon rufe fili ko wurin ninkaya a rubuce, ta yadda babu wani babba da zai buga waya ya ce a buɗe saboda yana da baƙi. A ba shi ɗan kuɗin gyaran gaggawa da zai iya kashewa a ranar ya kawo rasit daga baya, domin ƙugiyar lilo ba ta jiran zaman kwamiti. A lura cewa aikinsa da yamma ne da ƙarshen mako, a ba shi hutunsa a tsakiyar mako, a kuma naɗa masa mataimaki da ya san inda makullai da littattafai suke. Iyaye su ma suna da abin yi: ranar da za ku kai yaro rajista, ku tambayi sunan jami'in da ke kula da shirin, manya nawa ne za su tsaya da yaran, wa ya iya taimakon gaggawa a cikinsu, da kuma wanda za ku kai wa ƙara idan wani abu ya faru.

Mun gode da wannan fili da ka ba mu.

Naka,
Wasu masu horas da matasa da kula da wuraren wasanni